Baki Ya Furta, Ina Labarin Zuciya? Waiwaye Kan Azaba Da Aƙida A Littafin 1984

Kwanakin baya, bayan mun tashi daga darasi, wani ɗalibina ya biyo ni har bakin ofis riƙe da littafin nan mai suna 1984 na George Orwell, ransa a ɓace kamar wanda aka ci bashinsa aka hana shi. Ya ce, "Malam, ashe wannan Winston ɗin rago ne? Na bi shi tun daga farkon littafi ina jiran ya mutu a kan gaskiyarsa, sai ga shi a ƙarshe ya miƙa wuya, har yana zubar da hawayen ƙaunar wanda ya zalunce shi." Na tambaye shi ko an taɓa tsare shi, ko da na wuni guda ne. Ya ce a'a. Na ce to ni ma haka, saboda haka ya kamata mu biyun mu yi a hankali wajen yanke wa mutumin hukunci. Sai dai tambayar tasa ba ta bar ni na huta ba, domin ta taɓo wani abu da ya fi adabi girma, wato: idan aka gana wa mutum azaba har ya furta abin da ba shi ne a ransa ba, shin shi ne ya yi magana, ko kuwa azabar ce ta yi magana da bakinsa?

Littafin 1984 yana cikin jerin ƙagaggun labaran da masana adabi ke kira distofiya, ni kuwa na fi son kiransu adabin baƙar gobe. Labarai ne da ke kwatanta wata al'umma ta gaba wadda hukuma ta mamaye komai nata, har barci da mafarki. Marubucin Rasha Yevgeny Zamyatin ya rubuta nasa tsakanin 1920 da 1921, Aldous Huxley ya fitar da nasa a 1932, shi kuwa Orwell nasa ya fito a 1949, 'yan watanni kafin tarin fuka ya yi ajalinsa a watan Janairun 1950. Ba da ka Orwell ya yi rubutun ba. Ya yi aikin ɗan sandan mulkin mallaka a Barma daga 1922 zuwa 1927, ya kuma yi yaƙi a Sifen, inda a 1937 ya ga yadda 'yan gurguzu masu biyayya ga Mosko suka riƙa farautar abokan gwagwarmayarsu suna laƙaba musu cin amana.

Ga wanda bai karanta ba, Winston Smith ƙaramin ma'aikaci ne ɗan shekara 39 a wata hukuma da ake kira Ma'aikatar Gaskiya, aikinsa kuwa shi ne gyara tsofaffin jaridu domin su dace da ƙaryar da Jam'iyya ke yi a yau. Ya fara rubuta abin da ke ransa a ɓoye, ya kuma faɗa soyayya da wata budurwa mai suna Julia, alhali duka biyun laifuffuka ne na kisa. Wani babban jami'i mai suna O'Brien ya yaudare su da sunan shi ma ɗan tawaye ne, aka kama su, aka kai su Ma'aikatar Ƙauna, wani makeken gini marar taga inda ake gasa wa mutane aya a hannu. A nan O'Brien ya ɗaure Winston a jikin wata na'ura mai ma'aunin zafi, ya ɗaga masa yatsu huɗu ya ce Jam'iyya ta ce biyar ne. Abin lura a nan shi ne, da zafi ya yi zafi Winston ya ce biyar ne, amma O'Brien bai karɓa ba, ya ce ƙarya yake yi, har yanzu huɗu yake gani. Furucin baki ba shi ne abin da ake nema ba. So ake ido ya ga biyar.

O'Brien ma bai ɓoye manufarsa ba. Ya yi wa Winston bayanin cewa azzaluman da suka gabata duk sun yi kuskure. Kotunan cocin Turai na zamanin da sun ƙona mutane suna kan aƙidarsu, sai suka mayar da su shahidai. Mahukuntan Rasha sun tilasta wa mutane amsa laifi a bainar jama'a, amma bayan shekaru aka gane tilas ce, aka wanke su. Ita wannan Jam'iyya ba ta kashe mutum sai ta juyar da zuciyarsa tukuna, domin kada ya mutu yana mai ƙin ta. Wannan ita ce babbar da'awar littafin, kuma ita ce ta sa mai karatu ke rufe shi jikinsa a sanyaye.

To, ya mai karatu, mu da muka tashi a gidajen da ake karanta tarihin Sahabbai, wannan mas'ala ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kowa ya san labarin Bilal, wanda Umayya bin Khalaf ya shimfiɗe a kan rairayin Makka da rana tsaka, aka ɗora masa dutse a ƙirji, bai fasa ambaton kaɗaitakar Allah ba har Sayyidina Abubakar ya fanshe shi. Amma akwai na biyunsa wanda ba mu cika tsayawa a kansa ba, wato Ammar bin Yasir. An kashe mahaifiyarsa Sumayya da mahaifinsa Yasir a cikin azaba, shi kuma aka yi ta gana masa uƙuba har ya furta abin da mushirikai ke so ya furta. Ya zo wurin Manzon Allah (SAW) yana kuka, yana ganin ya halaka. Manzo bai tsaya kan abin da baki ya faɗa ba, sai ya tambaye shi halin da zuciyarsa ke ciki. Da ya amsa cewa tana nan a natse da imani, sai aka ɗauke masa laifi, har aka ba shi izinin ya sake yin haka idan suka sake matsa masa. Malaman tafsiri sun danganta saukar aya ta 106 a Suratun Nahli da wannan lamari. Bilal ya daure, Ammar ya furta, kuma babu wanda Musulunci ya kira rago a cikinsu.

Imamu Malik, wanda mafi yawanmu a wannan yanki ke bin mazhabarsa, jikinsa ne ya ɗauki nauyin wannan ƙa'ida. Ya karantar da cewa sakin da aka tilasta wa mutum yi ba ya aukuwa. Mahukuntan Abbasiyawa a Madina suka fahimci inda maganar ta dosa: idan sakin tilas ba saki ba ne, to mubaya'ar tilas ma ba mubaya'a ba ce. Wannan kuwa ya zo daidai da lokacin tawayen Muhammad Nafsuz Zakiyya na shekarar 762 Miladiyya. Gwamnan Madina, Ja'afar bin Sulaiman, ya sa aka yi wa Malik bulala har kafaɗarsa ta goce, bai kuma janye fatawar ba. Ƙarni goma sha biyu bayan haka, masanin falsafar harshe na Ingila J. L. Austin, a laccocinsa na 1955 da aka buga a 1962, ya nuna cewa akwai furucin da shi kansa aiki ne, kamar alƙawari da rantsuwa da ɗaurin aure, kuma irin wannan furuci yana da sharuɗɗan inganci, idan aka yi shi bisa tilas yana iya zama wofi. Duk lokacin da na karantar da wannan babi nakan gaya wa ɗalibai cewa malaman fiƙihu sun riga Austin isa wurin, har ma sun biya kuɗin shiga da fatar bayansu.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai mu ce Winston Ammar ne, mu rufe littafi. Amma Orwell ya fi haka wayo, kuma adalci ne a faɗi haka. Shi kansa Winston ya san bambancin baki da zuciya. Tun kafin a kama su, shi da Julia sun zauna sun yarda cewa amsa laifi ba cin amana ba ne, tunda kowa aka matsa sai ya amsa. Cin amana na gaskiya shi ne idan aka sa ɗayansu ya daina son ɗayan, kuma suka tabbatar wa juna cewa wannan kam ba a iyawa. Wannan tunga ta ƙarshe ita Orwell ya tanadi Ɗaki na 101 domin ya rusa. A ɗakin ana kawo wa kowa abin da ya fi tsoro a duniya. Na Winston ɓeraye ne. Aka kawo kejin ɓeraye mayunwata aka fara kusanto da shi ga fuskarsa, sai ya ƙwalla ihu yana roƙon a yi wa Julia a maimakonsa. Kuma littafin ya nace cewa a wannan daƙiƙa har zuci yake nufi, ba fatar baki ba ce. Wannan mas'ala ta fi ta Ammar wuya, domin malamai sun yi ittifaƙi cewa tilas tana halatta furta kalma, amma ba ta halatta ka kashe wani don ka tsira. Winston bai kashe kowa ba, amma ya miƙa wani a madadinsa, ya kuma san ya miƙa.

Duk da haka, a nawa ra'ayin, Orwell bai tabbatar da da'awar O'Brien ba, kuma hujjata tana cikin littafin nasa. Mai karatu ya lura cewa zafi kaɗai bai sa Winston ya ga yatsu biyar ba. Sai da aka manna masa wasu abubuwa a gefen kansa, aka sake masa wani abu mai kama da tartsatsin lantarki, ya ji kamar an ciro wani yanki na ƙwaƙwalwarsa, sannan ya ga biyar, shi ma na ɗan lokaci. Haka abin yake a littafin Zamyatin, inda jarumin labarin, wanda lamba ce sunansa, D-503, bai koma mai biyayya ba sai da aka yi masa tiyata aka cire masa ikon ƙirƙirar tunani. Ita kuwa macen da yake so, I-330, an saka ta cikin na'urar shaƙe numfashi a gaban idonsa, ta ƙi cewa uffan. Marubutan biyu, da suka zo gaɓar juyar da zuciya, dole ta sa suka nemo wuƙar likita da na'ura. Wannan kuwa amsa ce a fakaice cewa azaba ba ta gamsar da mutum, rusa shi take yi. Idan ka rushe gida ka gina wani a filin, ba za ka ce mai gidan farko ya yi maka maraba ba. Mutumin da ke zaune a shagon shan barasa a shafukan ƙarshe, yana ƙaunar Babban Yaya, sunan Winston kawai ya gada.

Abin da ya fi taɓa ni a littafin ba Ɗaki na 101 ba ne, abin da ya biyo bayansa ne. Bayan an sake su, Winston da Julia sun haɗu a wani lambu cikin sanyin watan Maris. Ta yi kauri, ga tabo a goshinta. Ta ce ta ci amanarsa, ya ce shi ma ya ci tata. Suka ɗan zauna, suka rabu, shi ke nan. Ka kwatanta wannan da Ammar. Shi ma ya fito daga hannun azzalumai yana ganin kansa a matsayin halakakke, amma yana da wurin zuwa. Akwai wanda ya share masa hawaye, ya yi masa tambayar da ta dace, ya mayar masa da mutuncinsa, akwai kuma jama'ar da ta karɓe shi. Winston ba shi da ko ɗaya. Shi ne mai laifi, shi ne alƙali, shi ne shaida, kuma hukuncin da ya yanke wa kansa shi ne wanda O'Brien yake so ya yanke. Na daɗe ina ganin cewa ba a cikin ɗakin azaba Jam'iyya ta gama da shi ba, a cikin lambun nan ne, inda babu mahalukin da zai ce masa abin da gigitaccen jiki ya so a daƙiƙar firgici ba shi ne ma'aunin mutum ba.

Akwai kuma batun madogara. Lokacin da O'Brien ya tambayi Winston ko ya yi imani da Allah, cewa ya yi a'a. Da aka ce to mene ne zai kayar da Jam'iyya, sai ya kawo ruhin ɗan Adam. O'Brien ya sa ya tuɓe ya tsaya gaban madubi ya ga ƙwarangwal ɗin da ya koma, ya kuma kunna masa faifan muryarsa ta ranar da ya yi rantsuwar shiga tawaye, inda ya amince zai aikata kowace irin ta'asa, har da watsa wa yaro ruwan guba a fuska, in dai hakan zai raunana Jam'iyya. Wato tun kafin a kama shi ya riga ya karɓi ƙa'idar maƙiyinsa cewa manufa tana halatta komai. Irin wannan rami Rubashov ya faɗa a littafin Arthur Koestler na 1940, Darkness at Noon, wanda aka gina kan shari'o'in Mosko. Ba a doke shi ba. Hana shi barci aka yi, aka haska masa fitila a ido, aka yi ta ja masa zaren hujjar da shi kansa ya rayu a kanta, cewa Jam'iyya ba ta kuskure, har ya ga amsa laifin ƙarya a matsayin hidimarsa ta ƙarshe. Ba ina cewa mai addini ne kaɗai ke daurewa ba. Andreu Nin, shugaban ƙungiyar da Orwell ya yi yaƙi a ƙarƙashinta a Sifen, ɗan gurguzu ne, jami'an Stalin suka azabtar da shi a 1937 har ya mutu ba su samu takardar amsa laifin da suke nema ba. Abin da nake cewa shi ne, mai daurewa yakan kasance yana da wani abu a wajen jikinsa, wanda hannun mai azaba bai kai gare shi ba. Imamu Ahmad bin Hambal ya sha ɗauri fiye da shekara biyu da bulala a zamanin Halifa Mu'utasim kan batun halittar Alƙur'ani, yana sane da cewa jama'ar Bagadaza na jiran abin da zai fito daga bakinsa. Manyan malaman hadisi da dama na zamaninsa sun amsa bisa tilas, kuma ko da yake shi Ahmad ya yi fushi da wasunsu, al'umma ba ta zubar da iliminsu ba.

A matsayina na ɗalibin harshe, ba zan wuce batun Sabon Zance ba, wato harshen da Jam'iyya ke ƙerawa ta hanyar soke kalmomi duk shekara, domin a wayi gari babu kalmar da za a yi tunanin tawaye da ita. Gaskiya ita ce mafi yawan masana harshe ba su yarda cewa rashin kalma yana hana tunani ba. Mutum yana jin yunwa ko bai san sunanta ba, kuma idan aka soke kalma, jama'a sukan ƙirƙiro wata a kasuwa kafin la'asar. Amma akwai wani ɓangare na fargabar Orwell da na yarda da shi. Victor Klemperer, malamin harshe a Dresden wanda ya tsira daga mulkin Nazi, ya nuna a littafinsa na 1947 yadda kalmomin hukuma ke kutsawa bakin waɗanda ake zalunta da kansu. Hausa tana da "tilas", tana da "fatar baki", tana da "ta ciki na ciki", tana da "dole ƙanwar na ƙi". Waɗannan ba ado ba ne. Da su ne wanda aka karya yake iya bayyana wa kansa da danginsa abin da ya same shi, ya raba tsakanin abin da ya yi da abin da aka yi da shi. Al'ummar da aka ƙwace wa irin waɗannan kalmomi ba za ta daina jin zafi ba, amma za ta rasa hanyar yi wa 'ya'yanta uzuri. Af, akwai wani abin lura da marubuciya Margaret Atwood ta jawo hankali a kai: ratayen da ke ƙarshen littafin, mai bayanin Sabon Zance, an rubuta shi da Ingilishi na yau da kullum, yana kuma magana kan harshen a matsayin abin da ya wuce. Ke nan ko a duniyar Orwell, akwai alamar harshen ya fi Jam'iyya tsawon rai.

Tarihi ma bai goyi bayan O'Brien ba. Nikolai Bukharin ya amsa laifi a shari'ar Mosko ta Maris 1938 aka harbe shi, a 1988 ƙasar ta wanke shi. A shari'ar Slansky ta 1952 a Prague, mutum 14 suka karanta amsa laifin da aka haddatar da su, aka rataye 11. Artur London, ɗaya daga cikin ukun da suka tsira, ya fito da zuciyarsa a inda take, a 1968 ya buga littafi ya fallasa yadda aka ƙera furucin nasu kalma bayan kalma. A zamaninmu, bayanin da aka tatsa daga Ibn Shaikh al-Libi kan alaƙar Iraƙi da Alƙa'ida ya shiga jawabin Colin Powell a Majalisar Ɗinkin Duniya a Fabrairun 2003, mutumin ya janye maganar a 2004, bayan an riga an afka wa ƙasar. Wani abin mamaki shi ne a shekarar 1984 ɗin ce, a watan Disamba, Majalisar ta amince da yarjejeniyar haramta azabtarwa, wadda sashe na 15 nata ya hana kafa hujja da furucin da aka samu ta azaba. A gida ma, sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 da Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 sun tanadi haka.

Doka dai ta faɗa, saura mu. Sau nawa muka ga an jera waɗanda ake zargi a gaban kyamara, wani fuska a kumbure, wani ba ya iya tsayuwa, suna amsa laifi ɗaya bayan ɗaya, mu kuma a majalisa mu ce, "Ai shi ya faɗa da bakinsa"? Mu da muke karanta labarin Ammar ga 'ya'yanmu, muke alfahari da bulalar Malik, idan aka zo kan ɗan talakan da aka kwana ana jibga, sai mu koma almajiran O'Brien, mu ɗauki furucin tilas a matsayin labarin zuciya. Wanda kuma ya fito daga irin wannan hali bayan ya ambaci sunan abokinsa don a sassauta masa, yakan tarar unguwa ta juya masa baya, ya ƙarasa rayuwarsa yana sunkuyar da kai, wanda ya ɗaure shi kuwa yana sahun gaba a masallaci. Mai yiwuwa wasu daga cikinsu masu laifi ne da gaske, amma ba ta wannan hanya za mu sani ba, tunda marar laifi ma abin da zai faɗa ke nan.

Ɗalibin nan ya dawo bayan mako guda, ya sake karanta babin lambun kamar yadda na umurce shi. Ya ce ya janye kalmar rago, amma har yanzu maganar Julia tana tsaya masa a wuya, domin ita ba kalma ce kawai aka furta ba, mutum aka nuna. Na ce masa ni ma a nan nake tsaye tun ranar da na fara karanta littafin. Sai ya tambaye ni, da a ce shi ne ya tarar da su biyun a lambun, me ya kamata ya ce musu? Na ce ya je ya rubuto mini amsar da Hausa, shafi biyu, ya kawo ranar Litinin.